Kurakuran da muke yi in mun ga hotunan wuraren da manyan taurari ke samuwa

Tun da na'urar hangen nesa ta James Webb ta fara turo hotuna a 2022 nake ganin jama'a na yawo da su a guruf-guruf, wasu na tasbihi wasu na cewa ai haɗin kwamfuta ne kawai. Ni fiziks nake koyarwa a wata sakandare nan Katsina, kuma abin ya daɗe yana cina a rai, don hotunan nan akwai ilimi jibge a cikinsu amma karatun da muke masu ne ba daidai ba.

Wanda aka fi yi, har da ɗalibaina, in an ga wuri baƙi ƙirin a hoto sai a ce nan ba komai. To 'yan uwa nan ɗin ne ma ake aikin. Manyan taurari, wato masu nauyin da ya ninka na rana sau 8 ko fiye, a tsakiyar gajimaren gas da ƙura mai kauri suke samuwa, ƙurar nan kuwa tare hasken da idonmu ke gani take yi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Daura da sassafe ranar da hazo ya sauka ya san mota na iya zama a gabanka ba ka ganinta, amma ai tana nan. Gyaran shi ne ka nemi hoton wurin da aka ɗauka da infirared, hasken nan da ido ba ya gani sai dai fata ta ji shi a matsayin zafi, shi yana ratsa ƙurar ya wuce. Da shi ne a 1967 Becklin da Neugebauer suka gano wani tauraro a ɓoye cikin gajimaren Orion wanda madubin hangen nesa na yau da kullum bai taɓa nunawa ba. In kana son ka gani da idonka ɗauko rimot ɗin talabijin ka saita bakinsa ga kyamarar waya ka danna, a wayoyi da yawa za ka ga ɗan haske na ƙyaftawa, wannan shi ne.

Sai maganar kala. Eh, kalolin hoton Webb sa su aka yi, amma ba ƙarya ba ce, tunda ido ba ya ganin infirared dole a ba kowane zango, wato tsawon igiyar hasken, kalarsa, gajere a ba shi shuɗi dogo a ba shi ja. Ka riƙa karanta bayanin da ke ƙasan hoton kafin ka yanke hukunci.

Maganar manyan dish ɗin rediyo da ake duba taurari da su kuma, wani dattijo ya taɓa tambayata, Malam, wai me suke ji taurarin na faɗi? Na ce Baba ba sauti ba ne, shi ma haske ne mai dogon zango, dish ɗin tattara shi yake kamar yadda na satalayit ke yi a saman gida. Babban tauraro in ya kunnu, haskensa na farfasa haidurojin ɗin da ke kewaye da shi har zafin ya kai wajen digiri 10,000, wannan gas ɗin ne ke fitar da rediyon, kuma ƙura ba ta tare shi ko kaɗan.

Wanda ya fi damuna na masu furojet ne a jami'a. Da sun ga ɗigo mai haske sosai a infirared sai su rubuta sabon babban tauraro ne, alhali tsohon tauraro da ke zubar da ƙurarsa shi ma haka yake haskawa. Sai ka ɗora hoton rediyo a kan wurin ka duba. In ka samu siginar rediyo mai ƙarfi ta metanol, wani sinadari da ke cikin gas ɗin, a mitar 6.7 GHz to ka samu shaida mai kyau, don kusan a wurin jariran manyan taurari kaɗai ake samunta, har dish mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse a Gana yana kama ta. In kuma rediyon shiru ne kar ka yi saurin cewa babu, ƙila tauraron bai kai ga farfasa gas ɗin ba tukuna, irin wannan sai a koma wa na'urar hangen nesa ta ALMA da ke ƙasar Cile, mai dish 66, ita ke ganin ƙura mai sanyin da ya kusa digiri 260 ƙasa da sifili. Ita ma ka sani irin waɗannan dish da aka haɗa suna fito da ƙananan abubuwa tar amma gajimare mai faɗi yakan ɓace masu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu in sama ta washe bayan isha'i, a fita bayan gari inda ba fitilu a nemi taurarin nan uku da ke jere reras, ta kudu da su akwai wani ɗan dishi-dishi, shi ne gajimaren Orion, haskensa ya yi shekara kusan 1,350 a hanya. Wanda ido ya gani fuskarsa ce kawai, ainihin inda sababbin ke fitowa yana bayansa cikin ƙura.