Kafin ka buɗe tireda: yadda ake riƙe uwar kuɗi

Shagon kayan masarufi nake riƙe da shi a cikin unguwa a Kano, kuma tambayar da matasa suka fi yi mini ita ce nawa zai ishe su su fara. Jari kaɗan yana ɗaukar tireda. Abin da ke karya ta shi ne mai ita ya kasa bambance uwar kuɗi da riba, don haka a nan zan fi tsayawa.

Kafin ka kama shago ko ka sa kafinta ya buga maka teburi, nemi benci a layin da kake so ka zauna, da safe da kuma bayan magariba, ka ga abin da ake aiken yara su sayo. A yawancin unguwanninmu za ka ga magi ne, da ƙullin sukari, da omo, da man gyaɗa, da taliya, da garin kwaki, da ashana. Da waɗannan za ka fara. Kada sha'awar shago ya cika ido ta sa ka zuba kuɗi a turare da madarar gwangwani mai tsada, su yi maka kwantai. Kayan da ke ƙarewa cikin mako, ko ribarsa ƙanƙanuwa ce, ya fi wanda zai yi wata uku yana shan ƙura.

Wurin sari kuwa, kayan katan a Kasuwar Singa ake ɗaukarsu, hatsi da wake a Dawanau. Zuwan farko ka bi wanda ya san kasuwa. Ka taya a shago biyu ko uku kafin ka biya, ka duba ranar ƙarewar wa'adi a jikin katan, ka ƙirga kayanka da kanka kafin ɗan dako ya ɗora a baro. In ka sami dila mai gaskiya, ka riƙe shi ka karɓi lambarsa, domin za ta yi maka amfani.

To, ga lissafin. A ce ka saro katan ɗin taliya mai leda 20 a kan naira 18,000. Sabon ɗan kasuwa zai ce kowace leda ta tashi a 900, in ya sayar 1,000 ya ci 100. Ya manta da ɗan dako da kuɗin mota. In rabon wannan katan a cikinsu 400 ne, leda ta tashi a 920, riba ta koma 80, kuma ba a cire hayar shago da ledar ƙulli da harajin ƙaramar hukuma ba. Sannan akwai abin da ya fi wannan ciwo. Kafin ka sayar da katan ɗin, farashi a Singa ya koma 19,500. Ka tara 20,000 a aljihu kana murna, ka koma kasuwa, katan da dakonsa suka cinye 19,900. Ribarka ta gaskiya naira 100 ce a katan guda. In kuwa ka riga ka kashe 1,600 ɗin da ka ɗauka riba ce, ba za ka iya mayar da katan ɗin ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na ga shaguna da dama sun rame ta wannan hanya, ciniki yana tafiya, kanta tana yin fili. Shi ya sa nake auna uwar kuɗi da kaya: katan nawa, buhu nawa. Kuma farashin da za ka sake saro kaya shi ne za ka ɗora riba a kansa. Ka riƙa buga wa dilanka waya kafin ka buɗe sabon katan.

Ka yanka wa kanka kuɗin cefane na kullum, daidai abin da ribar za ta iya ɗauka, ka tsaya a kai. In uwargida ta aiko a ɗauki sabulu ko kwanon shinkafa, a rubuta, a cire a cikin wannan kason. Wasu na ganin wannan rowa ce. Ni ina ganin shi ne tausayin iyali, domin shagon da ya mutu ba ya ciyar da kowa.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a unguwa ba za ka ce ba ka bayarwa sam ba. Maƙwabcin da kuke sallah sahu ɗaya zai zo wata ran albashi bai shigo ba. Ka sayi littafi, kowa da shafinsa, ka rubuta a gabansa da kwanan wata. Ka sa wa kowa iyaka, sai ya biya na baya a ƙara masa. Yadda nake faɗa shi ne, "Baba, ka yi haƙuri, kuɗin sari ne, gobe zan shiga kasuwa." Dattijo mai mutunci yana ganewa. Duk bashin da ke waje kada ya wuce abin da in ya maƙale za ka iya komawa sari.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, saboda haka ka buɗe wa shago asusun banki nasa daban. Kada ka miƙa kaya don an nuna maka rasit a waya. Ka duba naka asusun ka ga kuɗi sun shigo, domin alat na bogi ya yi yawa. Adashi yana da kyau, amma daga riba ake zubi.

Rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ana yin ta ta intanet, kuma za ka buƙace ta ranar da za ka buɗe asusun banki da sunan shago. In za ka fara ƙulla wani abin ci a leda da sunanka, kamar yaji ko garin kunu, sai ka nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Kowane ƙarshen wata ka rufe shago da wuri ka ƙirga komai da farashin sari na ranar: kayan kanta, kuɗin hannu, na banki, da bashin da kake da tabbacin za a biya. Ka cire wanda ake bin ka. Ka rubuta abin da ya rage a ƙarƙashin na watan jiya. In ya ƙaru, ka ƙaro kaya iri ɗaya da ake yawan tambaya ba ka da shi. In ya ragu, ka fara bincike daga littafin bashi da kason cefane.