Yadda ake gwada manhajar kasuwanci kafin a sa hannu

Nunin da wakilin kamfanin manhaja zai yi maka a allo talla ce, kada ka ɗauke ta a matsayin gwaji. Bayanan da ke ciki su suka tsara su tsaf: babu kayan da aka dawo da su, babu bashin da aka biya rabi, kuma mai danna maɓallan ya san kowane lungu na manhajar. Wanda ya sa hannu a yarjejeniyar shekara bisa wannan, ya sayi kifi a ruwa.

Kamfanoni da yawa suna ba da gwaji kyauta na kwana 14 ko 30, kuma ƙirga tana farawa ne daga ranar da ka yi rajista. Don haka shirya tukuna. Rubuta ayyuka biyar ko shida waɗanda in manhajar ta kasa su, magana ta ƙare. "Ta yi sauƙin aiki" ba sharaɗi ba ne. Rubuta irin wannan: "kashiya ya fitar da rasit ga wanda ya biya rabi, sauran ya shiga bashinsa, ba tare da ya kira kowa ba." Rubuta su kafin ka buɗe manhajar, domin da zarar kyan allonta ya burge ka za ka fara sassauta mata. Ka kuma tsara gwajin ya ratsa ƙarshen wata, lokacin da akanta ke rufe lissafi. A nan asirin manhajoji da yawa ke tonuwa.

Sai batun bayanai, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin. Ɗebo naka na gaske, masu datti, ka fitar da su daga Excel zuwa CSV (fayil ɗin jadawali mai zallan rubutu) ka loda a manhajar. Sannan ka zauna ka duba layi-layi. Sifilin farkon lambar waya yana nan ko ya ɓace? Kwanan wata 03/04, manhajar ta karanta shi 3 ga Afrilu, ko ta bi tsarin Amurka ta mai da shi 4 ga Maris? Sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, ko sun koma alamar tambaya? Abokin cinikin da aka rubuta sunansa iri biyu, ta gane mutum ɗaya ne? Amma ka sauya lambobin mutane da adireshinsu kafin lodawa, tunda bayanan za su zauna a rumbun kamfanin da ba ku ƙulla komai ba tukuna.

Ka nemo abin da kasuwancinka yake yi daban da na kowa, ka fara gwada shi. Kamfanin kantunan Lidl na Jamus ya shafe kusan shekara bakwai yana kafa tsarin SAP, wata babbar manhajar gudanar da kasuwanci, ya watsar da aikin a 2018 bayan kashe kimanin Yuro miliyan 500. Cikin dalilan da aka ruwaito, Lidl yana ƙiyasta kayan sito da farashin saye, tsarin kuwa an gina shi kan farashin sayarwa. Lidl ya ƙi canza hanyarsa, aka yi ta yi wa manhajar kwaskwarima har kuɗi suka wuce hankali. Tambayar da ta kayar da su tana jiran kai ma: kai za ka lanƙwasa, ko manhajar?

Kada manaja ya yi gwajin. Ba wa kashiya da mai kula da sito, musamman ma ma'aikacin nan da ba ya ƙaunar kwamfuta. Tsaya a bayansa ka yi shiru, ko da hannunka na ƙaiƙayin nuna masa. Duk inda ya tsaya yana lalube, rubuta. A reshe ɗaya ko sashe ɗaya, a tafiyar da tsohon tsari da sabo tare, kullum da yamma a kwatanta jimillar. Aiki ne ninki biyu kuma za su yi ƙorafi, don haka faɗa musu ranar da za a daina.

Ware yini guda na ɓarna. Katse intanet ana tsakiyar ciniki ka ga ko rasit ɗin ya ɓata ko ya fito sau biyu. Shiga da asusun ƙaramin ma'aikaci ka gwada goge ciniki ko leƙa albashin wasu, sannan ka duba ko manhajar ta ajiye sunan wanda ya yi. Aika wa masu ba da taimako tambaya a ƙarshen mako, ka tuna cewa yanzu suna zawarcinka ne, saurin amsarsu ba zai fi haka ba.

Tambayi wakilin a rubuce: wane mataki na biya nake gwadawa? Sau da yawa mafi tsada ake buɗe wa mai gwaji, ya saba da rahotannin da ba ya samu a matakin da zai iya biya. In ka sa katin banki, rubuta ranar da za a fara cirar kuɗi.

Kwana biyu kafin wa'adi ya cika, gwada fita. Sauke duk abin da ka shigar, har da tarihin ciniki da basussuka, ka buɗe shi a Excel. In abin da ya fito PDF ne kawai, ko aka ce sai ka biya kafin a ba ka, rufe asusun ka nemi su goge bayananka, su kuma tabbatar maka a rubuce.