Babi na 4: Kula da Jariri a Lokacin Zafi

Ki ɗora yatsa a kan layi, ki karanta a hankali. In kalma ta yi miki wuya, ki raba ta gaɓa-gaɓa kamar yadda muke yi a allo: ja-ri-ri, sha-yar-wa, ma-ɗi-ga. Ba wanda yake korarki. In kin gama shafi ba ki gane ba, ki koma farkonsa. Wadda ta karanta sau uku ba ta yi laifi ba.

Darasi na 1: Zafin Legas

A nan Legas zafi ya fi tsanani a watannin Fabrairu, Maris da Afrilu, kafin damina ta kankama. Da rana ma'aunin zafi yakan nuna 32 zuwa 34. Wadda ta taso a Kano ko Sakkwato za ta ce ai wannan ba komai ba ne, can yana kaiwa 40. Gaskiya ne. Amma iskar can busasshiya ce, kina gumi yana bushewa, jiki yana samun sanyi. Iskar nan daga teku take zuwa, da danshi a cikinta, sai gumi ya tsaya a jiki ya ƙi bushewa. Ki haɗa da ɗaki guda mai rufin kwano, taga ɗaya, kuma an ɗauke wuta, irin gidajen hayar da yawancinmu muke ciki a Agege, Idi-Araba ko Mile 12.

Jikin jariri ya fi naki saurin ɗaukar zafi. Ba ya iya cewa “zafi nake ji”, ba ya iya tuɓe riga, ba ya iya matsawa inuwa. Ke ce za ki duba masa.

Ga yadda ake dubawa. Ki zura hannu ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. Kada ki taɓa tafin hannu ko ƙafa, don waɗannan sukan yi sanyi ko da jikin yana da zafi, sai ki zaci sanyi yake ji ki ƙara masa kaya. In ƙeya ta yi zafi, ta jiƙe da gumi, ki rage masa sutura.

Darasi na 2: Nono kawai, ba ruwa

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne, kuma shi ne wanda aka fi faɗuwa a kansa. Ki rubuta wannan jimla a littafinki sau biyar:

Jariri ba ya shan ruwa sai ya cika wata 6.

Kin ga lambar nan, 6? Shida ce. Ki ƙirga a yatsa: hannu ɗaya duka, da yatsa ɗaya a ɗaya hannun. Daga ranar haihuwa har wata shida, nono kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya duk bakinsu ɗaya a kan wannan, kuma ba su ware lokacin zafi ba.

Na san abin da ke ranki, don na sha jin sa a aji. “Malama, ni babba ƙishi yana damuna, ina ga ɗan mitsitsin nan?” Tausayi ne ya sa kika faɗi haka, kuma tausayi abu ne mai kyau. To ki saurara. Nonon uwa, in aka kasa shi kashi 100, fiye da kashi 80 ruwa ne. Ki lura da wanda yake fara fitowa in yaro ya kama: tsinkakke ne, shi yake kashe ƙishi. Mai kauri yana biyowa baya, shi yake ƙosar da shi. Wato Allah ya riga ya sa masa ruwansa a ciki, mai tsabta, wanda ƙuda bai taɓa ba.

To me ruwa zai yi masa in an ba shi? Cikin jariri ƙarami ne ƙwarai. In ruwa ya cika shi, ba wurin nono. Zai rage tsotso, kuma nono da tsotso yake zuwa, in tsotso ya ragu sai nonon ya ragu. Daga nan a fara cewa nononki ba ya isarsa, alhali ruwan ne ya jawo. Sannan ruwa yana iya shigar masa da ƙwayoyin cuta ta cokali, ko kofi, ko hannun mai bayarwa, gudawa ta biyo baya. Gudawa a lokacin zafi tana tsotse jariri cikin kwana ɗaya. Kuma ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ruwa mai yawa yana tsinka gishirin jininsa, har ta kai yaro ya yi jijjiga.

Saboda haka in zafi ya tsananta, abin da za ki ƙara shi ne yawan ba da nono. Zai nema akai-akai, ya ɗan sha ya saki, bayan ɗan lokaci ya sake nema. Ba fitina ba ce, ƙishi ne. Ki ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana. Ruwan kuma ke za ki sha. Ki ajiye kofi kusa da inda kike zama, duk sanda kika zauna shayarwa ki sha.

Yanzu mu bi su ɗaya-ɗaya, don na gane in na ce “ruwa” wasu suna zaton ruwan rijiya kaɗai nake nufi. Ruwan leda, ruwa ne, ba a ba shi. Ruwan gora mai tsada, ruwa ne, ba a ba shi. Tafasasshen ruwa da aka bari ya huce, shi ma ruwa ne, ba a ba shi. Ruwan gulukos, ruwan kwakwa, shayi, jiƙo, duk ba a ba shi. Cokali ɗaya bayan wanka fa? Ba a ba shi. In an kawo rubutu ko zamzam don albarka, ke uwa ki sha, shi a tofa masa addu'a. Zuma kuwa sai ya shekara ɗaya. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa ban da nono shi ne magani ko ɗigon riga-kafi da ma'aikacin lafiya ya bayar.

Akwai ranar da na gama wannan darasi, kowa ya maimaita jimlar da ƙarfi, na juya ina goge allo. Ina waigowa sai na ga wata ɗalibata a layin baya ta fasa ledar ruwa da haƙori, tana ɗiga wa ɗanta mai wata biyu a baki. Littafinta na buɗe a cinyarta, ta rubuta jimlar sau biyar da rubutu mai kyau. Na ce, “'Yar'uwa, me muka gama faɗi yanzu?” Ta ce, “Malama, ai ɗan kaɗan ne, leɓensa ne ya bushe.” Raina ya ɓaci a ranar, kuma har yau in na tuna yana ɓaci. Haba jama'a! Ba don ku cika littafi nake sa ku rubutu ba. Kaɗan ɗin ma ruwa ne. In leɓe ya bushe, nono za ki sa masa. Sau nawa za a faɗa? Kun iya riƙe lissafin adashi na wata goma ba ku manta sisi ba, lamba ɗaya ce za ta gagare ku?

To, na san wani lokaci ba ke ba ce. Kina wanka ko kina girki, uwar miji ko maƙwabciya ta ɗauki yaro ta ba shi, don haka aka yi musu, haka su ma suka yi wa nasu. Kada ki yi gardama da babba. Ki rusuna ki ce, “Inna, a asibiti sun ce ruwansa yana cikin nono, sun hana a ba shi sai ya yi wata shida. Kawo shi in ba shi ya sha.” Ki karɓe shi ki ba shi nono a gabanta. In abin ya ƙi, ki gaya wa maigida ya yi mata magana, ko ku tafi awo tare ta ji daga bakin nas. Maigida, in kai ake karanta wa wannan shafi, wannan aikinka ne.

Wadda take ba da madarar gwangwani saboda wata larura, ta haɗa daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, da tafasasshen ruwa. Kada ta ƙara ruwa wai don ana zafi. Wadda yaro ya sha ya rage, in ta yi awa ɗaya a zubar.

In ya cika wata 6, sai a fara ba shi kunu da abinci mai laushi, da tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan a kofi mai tsabta, nono kuma yana ci gaba har shekara 2.

Cike gurbi: Jariri ba ya shan ______ sai ya cika wata ______.

Darasi na 3: Yaya zan san nonon ya ishe shi?

Ki ƙirga fitsari. Daga asubar yau zuwa asubar gobe, jaririn da yake samun nono sosai zai jiƙa nafkin ko famfas sau 6 ko fiye, fitsarin kuma fari-fari. Ki ja layi ɗaya a bayan littafinki duk sanda kika canja masa. In layi ya kai shida, hankalinki ya kwanta, kuma kin ga da idonki ba ya bukatar ruwa.

In fitsarin ya ragu, ya yi ja, ki duba sauran alamu. Maɗiga, wato wuri mai laushi a tsakiyar kai, ta lotsa ciki. Baki ya bushe. Yana kuka ba hawaye. Ido ya faɗa. Ya yi laushi, barci ya yi yawa, ko ya ƙi kama nono. Wannan ruwan jikinsa ne ya ragu, kuma ba a shafa wa maɗiga komai don ta taso. Ba kuma ledar ruwa za ki ɗauko ba. Ki sa masa nono, ki ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin.

In kina da ma'aunin zafi, ki sa a hammata. Daga 36.5 zuwa 37.5 lafiya ne. In ya nuna 38 ko sama, zazzaɓi ne. Jaririn da bai kai wata 3 ba in ya yi zazzaɓi, asibiti ake kai shi kai tsaye, ba kemis ba, ba a jiran gari ya waye. Ki san cibiyar lafiya mafi kusa da ke tun kafin bukata. Manyan asibitoci akwai LUTH a Idi-Araba, LASUTH a Ikeja, Babban Asibitin Orile-Agege, da asibitin yara na Massey a tsibirin Legas. Lambar gaggawa ta jihar 112 ce ko 767, kyauta ake kira. Ki rubuta su a bangon littafi.

Darasi na 4: Sutura da goyo

Riga ɗaya ta auduga, marar nauyi, ta isa da rana. A cikin ɗaki ma nafkin da 'yar shimi sun wadatar. Hular ulu, safa da showal mai kauri da aka kawo ranar suna, a adana su. Bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, nasu daban ne, a bi abin da aka ce a asibiti.

Goyo yana haɗa zafinki da nasa. Abin da ya fi damuna shi ne a goya yaro, a ɗaure da majanyi, a saki hijabi a rufe shi ruf, a shiga danfo, a tsaya a cunkoson Oshodi awa guda. A cikin hijabin nan ba iska. In kin shiga mota ki sauke shi, ki riƙe a cinya, fuskarsa a buɗe. In fitar ba dole ba ce, ki yi ta da safe ko bayan la'asar. Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a barinsa rana tana dukansa. Kuma a motar ma, in ya yi kuka, nono, ba ruwan da ake talla ta taga ba.

Darasi na 5: Wanka da ƙurajen gumi

Ki yi masa wanka da ruwa mai ɗan ɗumi. Ki gwada da gwiwar hannu tukuna. Ban da ruwan firji, ban da mai zafi sosai. Ki tsane wuya, hammata da matsematsi, nan ƙurajen gumi suke fitowa. Kada ki lafta masa mai mai kauri, kada ki barbaɗa hoda kusa da hanci. In ƙurajen sun yi mugunya, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Darasi na 6: Ɗaki da dare

Ki buɗe taga, ki saki labule a ɓangaren rana. Fanka ta riƙa juyawa, kada ta tsaya a kansa. In ba wuta, mafici. Ki kwantar da shi rigingine a cikin gidan sauro, ko da ana zafi. Janareta a waje, nesa da taga da ƙofa, don hayaƙinsa yana kisa cikin barci.

Darasi na 7: In gudawa ta zo

Ki ci gaba da ba da nono, ki je cibiyar lafiya. In sun ba ki ORS, garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa, ƙulli ɗaya na ruwa lita 1 ne, wato ledar ruwa biyu masu 50cl. Wanda ya kwana ya yini a zubar. Ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14, yadda suka ce.

Aikin gida: ki karanta wa mace ɗaya a gidanku Darasi na 2, ki zo da littafinki mai layukan fitsari ranar aji na gaba.