Yadda Al'umma Za Ta Bi Diddigin Binciken Muhalli Kafin a Faɗaɗa Bututun Iskar Gas

A ranar 30 ga Yunin 2020 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka fi sani da AKK, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Kano ba ita ce iyakar burin ba, domin akwai shirin wani bututun da zai ratsa Nijar ya keta Sahara har Aljeriya, tafiyar fiye da kilomita 4,000, wanda ministocin ƙasashen uku suka sanya hannu kan takardar fahimtar juna a kansa cikin watan Yulin 2022. Wanda ya duba taswira zai ga ƙasar Katsina da ta Daura kwance tsakanin Kano da iyakar Nijar, kuma mutanen Daura da Mashi da Jibiya sun riga sun gani da idonsu yadda babban aiki yake yanka gonaki lokacin da layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya biyo ta wajensu. Saboda haka ya kamata mu koyi hanyar da doka ta ba mu ta sa baki tun ba a kawo motocin haƙa ba.

Dokar da ake dogaro da ita ita ce dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, doka ta 86 ta shekarar 1992, wadda ta wajabta a binciki illar babban aiki ga ƙasa da ruwa da iska da rayuwar jama'a kafin a amince da shi. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce take kula da wannan bincike, wanda ma'aikata suke kira EIA a taƙaice, ita kuwa hukumar NMDPRA mai kula da sarrafawa da jigilar man fetur da gas, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa, ita take ba da lasisin bututun. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, kamfanin da zai yi aikin shi yake ɗaukar masana ya biya su su rubuta rahoton. Wannan ba laifi ba ne, haka tsarin yake, amma masanin da ya zo daga nesa ya yi kwana uku a yankinku ba zai san kwarin da ruwa yake bi da tsakiyar damina ba idan ba ku nuna masa ba.

Matakin farko shi ne ku san ainihin abin da ake son ƙarawa. Faɗaɗa aiki yana iya zama ja wani reshe daga babban bututu zuwa masana'anta ko tashar wutar lantarki, ko kwantar da bututu na biyu a gefen na farko, ko gina tashar injinan matsa gas domin ya ƙara gudu, ko tashar awo da rage ƙarfinsa. Kowanne da irin damuwarsa. Bututu yana cin ƙasa a tsawo, tashar injina kuwa tana zaune wuri ɗaya da ƙara da hayaƙi dare da rana. Idan aka ce muku ai an riga an yi bincike tun aikin farko, ku nemi a nuna muku shafin tsohon rahoton da ya ambaci wannan ƙarin, domin binciken da aka yi wa hanya ɗaya ba ya wanke wata hanyar da ba a taka ba.

Da zarar kun ga masu safiyo suna kafa turaku ko shafa fenti a jikin itatuwa, to lokacin shiri ya yi. Ku sanar da mai unguwa, shi ya kai wa magaji ko dagaci, magana ta isa ga hakimi, sannan a kafa ɗan ƙaramin kwamiti da zai riƙe littafi guda. A sa manomi da makiyayi da limami da malamin makaranta, kuma a tabbata akwai mata a ciki, saboda su suke sanin rijiyar da take ƙafewa da wuri da itatuwan da ake samun kalwa da kuka da tsamiya daga gare su. Kwamitin ya bi turakun nan da ƙafa, ya rubuta sunan kowace gona da mai ita da wanda yake nomanta bisa aro ko jingina, ya ƙirga ɗorawa da gawo da kaɗanya da goriba da aduwa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hoto da waya mai nuna kwanan wata. A rubuta burtali da mashaya da fadama da maƙabarta da filin Idi. A auna zurfin ruwan rijiyoyi da guga da igiya, sau ɗaya da kaka, sau ɗaya da bazara. Wannan littafi shi ne hujjarku idan daga baya ruwa ya gurɓace aka ce da ma haka yake.

Kafin masana su fara aiki, akwai zaman da ake yi na tsara abubuwan da binciken zai duba, kuma a nan ne ice yake ɗanye, ana iya tanƙwara shi. Ku halarta, ku nemi a yi bayani da Hausa, ku tabbata an rubuta abin da kuka faɗa a takardar zaman kafin ku sa hannu a rajistar mahalarta. A ƙa'ida ana ɗibar samfurin ƙasa da ruwa da iska a yanayi biyu, damina da rani. Ku tambayi ranakun da aka zo ɗiba, domin wanda ya ga rafi a watan Maris yashi kawai zai gani, ba zai yi zaton irin ruwan da ya yi ɓarna a Jibiya cikin Yulin 2018 ba.

Idan an kammala daftarin rahoton, ma'aikatar takan ba da sanarwa a jarida da rediyo cewa an ajiye shi domin jama'a su duba har tsawon kwanakin aiki 21, galibi a sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa da ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin ma'aikatar tarayya. Asabar da Lahadi ba sa cikin lissafi, wato kusan wata guda ke nan, kuma yana wucewa kamar ƙiftawar ido idan ya faɗo lokacin shuka ko girbi. Ku wakilta mutum ɗaya da zai riƙa leƙa sakatariya. Rahoton da Turanci yake zuwa, mai kauri ƙwarai, don haka ku nemi ɗan gari da ya karanta ilimin ƙasa ko na muhalli a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya zauna da ku. Ba sai an karanta shi daga bango zuwa bango ba. A fara da taƙaitaccen bayanin da ke gaba, a duba taswirar hanya, a je babin da ya kwatanta wasu hanyoyin da aka auna aka bari, sannan a tsaya sosai kan babin tsarin kula da muhalli, inda aka jera alkawuran kamfani da wanda zai cika kowanne da lokacin cikawa.

A ganina, a ƙasa irin tamu mai jigawa da ƙarancin ruwan sama, ƙasar noma ce ta fi cancantar a daɗe a kanta. Albarkar gona tana cikin ɗan saman nan da manomi ya shekara da shekaru yana zuba wa taki. Mai haƙa na ƙwarai yakan kankare wannan saman ya tara shi gefe guda, ya tara jar ƙasar ciki a wani gefen, idan an binne bututu a mayar da kowace inda take. Idan aka cakuɗa su, gero da dawa za su daɗe suna fitowa a tsumbure a kan layin, manyan motoci kuma sun danne ƙasar ta yi tauri ruwa ba ya shiga. Ku nemi a rubuta wannan rarrabewa ƙarara cikin rahoton, tare da alkawarin sake buɗa ƙasar da garma. Haka nan ramin da aka cike ba a daddale shi da kyau ba yakan zama hanyar ruwa da zubar ruwan farko, daga nan zaizaya ta kama, kwazazzabo ya buɗe. Ku duba me aka tanada a gangare da bakin rafi, kuma ku tambaya ko za a tsaga rafin ne a haƙa, ko za a huda ta ƙarƙashinsa da injin ba tare da taɓa gaɓa ba.

Sai maganar ruwa. Kafin a saki gas, ana cika bututun da ruwa a matsa shi da ƙarfi domin a gane ko akwai inda yake yoyo, kuma ruwan da ake bukata ba kaɗan ba ne. Rahoton ya faɗi inda za a ɗebo shi, ko daga madatsa irin ta Zobe ko Ajiwa ko Sabke, ko daga rijiyoyin burtsatse, da watan da za a ɗiba, da inda za a zubar da shi bayan an gama, domin wani lokaci ana sa masa magungunan hana tsatsa. Ruwa irin wannan bai kamata ya gangara fadamar masu noman rani ko mashayar dabbobi ba tare da an gwada shi ba.

Game da haɗari, yana da kyau a bambanta wannan iskar da gas ɗin girki na tukunya. Na tukunya ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, na bututu kuwa mafi yawansa wata iska ce da ake kira mitan (methane), mara nauyi, yana tashi sama, kuma a asalinsa ba shi da wari, don haka hanci ba abin dogaro ba ne a kusa da babban layi. Alamun yoyo su ne ƙara mai kama da huci, ko ciyawa ta bushe a wuri ɗaya alhali kewayenta kore ne, ko kumfa a cikin ruwan da ya kwanta, ko ƙura tana tashi daga ƙasa. Babbar barazanar ita ce fashewa da gobara saboda ƙarfin matsin da ke ciki. Ku tambayi zurfin da za a binne shi, da tazararsa daga gidaje da makarantu, da nisan da ke tsakanin famfunan rufewa, da lambar da za a kira da dare, da wanda zai horar da matasan gari. Mitan ɗin da ya tsere kuma yana ɗumama duniya fiye da hayaƙin kabon sau 80 da ɗoriya cikin shekara 20, saboda haka tambayar yadda za a riƙa gano yoyo da rage sakin gas a tashoshi tana da gurbi a takardarku.

Diyya ba a cikin rahoton muhalli ake yanke ta ba, amma daga ƙidayar da aka yi a wannan lokaci take samo tushe. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, har da shimfiɗa bututu, kuma abin da aka fi biya shi ne amfanin gona da itatuwa da gine-gine. Kada mai gona ya bari a yi ƙidaya ba ya nan, kada kuma ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. A tambaya tun yanzu abin da aka yarda a yi a kan layin bayan an binne, domin yawanci ana hana gini da dasa itatuwa masu zurfin saiwa da haƙa rijiya, kuma wannan hani na dindindin ne da zai bi gonar har ga magada. Makiyaya su nemi a bar musu mashiga a kan burtali muddin ramin yana buɗe.

Wajen rubuta ƙorafi, gajeriyar takarda mai hujja ta fi doguwa mai zafin rai. Ku sa sunan aikin da kwanan wata, ku kawo kowace damuwa da lambar shafin da ta shafa, da sunan wurin, da abin da kuke so a gyara. Maimakon a ce aikin zai cutar da mu, a rubuta cewa taswirar shafi kaza ta bi ta tsakiyar maƙabartar gabas da gari, muna neman a kauce da layin zuwa arewa da ita. A haɗa hotuna, shugaban kwamiti da mai unguwa su sa hannu, a aika wa Ministan Muhalli ta adireshin da sanarwar ta bayar kafin wa'adi ya cika, a kai kwafi ma'aikatar muhalli ta jiha da ƙaramar hukuma, a karɓi hatimin shaidar karɓa a kan kwafin da zai zauna hannunku.

Bayan haka akan kira zaman kwamitin masana da zai duba rahoton a bainar jama'a. Ku tura wakilai biyu ko uku da suka san takardar, su karanta damuwoyin ɗaya bayan ɗaya, su nemi amsa a rubuce. Idan ma'aikatar ta amince da aikin, amincewar takan zo da sharuɗɗa, kuma ku nemi kwafinsu da na tsarin kula da muhalli ku ajiye tare da littafinku. Ranar da aka fara haƙa, kwamitin ya koma bin layin kamar yadda ya yi da farko, yana gwada abin da ake yi da abin da aka rubuta, duk saɓanin da ya gani kuma ya rubuta shi da kwanan wata da hoto ya kai ofishin ma'aikatar da ke Katsina tun ramin bai rufe ba.