Babi Na Shida: Yadda Ake Lissafin Fitilun Babban Gareji Ko Wurin Sana'a

Yawancin masu gareji da ido suke auna fitila. Mutum zai tsaya a tsakiyar ɗaki, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce dogayen ƙwai shida sun isa. Sai an gama jan waya, dare ya yi, an buɗe gaban mota, sannan a ga inji na cikin duhu, ana laluben noti da hasken wayar hannu. A wannan darasi za mu koyi lissafin da ake yi tun kafin a sayi ko da ƙwai ɗaya. Ku tanadi awon tef, da fensir, da takarda.

Kalmomi uku

Wat shi ne yawan wutar da ƙwai yake ci. Ba shi ne hasken ba, ko da yake mutane da yawa haka suka ɗauka. Lumen shi ne yawan hasken da ƙwai yake fitarwa, a jikin kwali ana taƙaita shi da haruffa biyu, lm. Lukus kuwa shi ne hasken da ya sauka a kan wurin aiki. Idan lumen ɗaya ya bazu a kan murabba'in mita ɗaya, an sami lukus ɗaya ke nan. Hannunku da idonku lukus suke buƙata, amma a kasuwa lumen ake sayarwa, shi ya sa sai an yi lissafi a tsakani.

Dogon ƙwan fulorasan da aka fi sani shi ne T8, mai kaurin milimita 26. Wanda tsawonsa mita 1.2 ne yana cin wat 36, kuma mai kyau a cikinsu yana ba da lumen kusan 3,350. Na mita 1.5 yana cin wat 58, yana ba da kusan 5,200. Tsohon samfuri ba ya kai haka, don haka ku karanta kwalin da kanku, kada ku dogara da bakin mai sayarwa.

Wane aiki za a yi a wurin?

Inda ajiye kaya kawai ake yi, ko faka mota, lukus 100 zuwa 150 sun wadatar. Aikin gyara na yau da kullum yana son 300. Teburin da ake kwance ƙananan sassan inji, ko ake yanka katako a kan layi, yana son 500. Aiki mai tsananin ƙanƙanta, kamar gyaran kayan lantarki ko duba fenti, yana kaiwa 750 ko fiye. Idan masu aikin sun manyanta, a ƙara, domin idon ɗan shekara sittin yana buƙatar haske fiye da na saurayi nesa ba kusa ba.

Lissafin kansa

Mu ɗauki gareji mai tsawon mita 12 da faɗin mita 8. Sha biyu sau takwas, murabba'in mita 96 ke nan. Muna son lukus 300. Sai mu ce 96 sau 300, ya ba mu lumen 28,800.

A nan mutane suke faɗawa rami. Sai su raba wannan adadi da 3,350, su sami ƙwai tara, su tafi kasuwa. To, ba duk hasken da ya fita daga ƙwai ne yake isa teburin aiki ba. Wani bango ne yake shanye shi, wani rufi, wani kuma yana maƙalewa a cikin gidan ƙwan. Bayan haka ƙura tana hawa gilashi, ƙwan ma yana dusashewa da tsufa. Masana hasken gini suna da jadawalin da suke auna wannan asara, amma a gareji irin namu, in aka haɗa duka, kusan rabin hasken ne yake kaiwa inda ake so. Saboda haka a ninka adadin sau biyu. 28,800 sau biyu, 57,600.

Yanzu a raba 57,600 da 3,350. Amsa ita ce 17 da 'yan kai. Kullum sama ake cikawa, ba ƙasa ba, wato ƙwai 18. Idan kowane gida yana ɗaukar ƙwai biyu, gidaje tara za a saya.

Wani zai ce sha takwas sun yi yawa. A ganina gara a yi makunni a kashe rabi da rana, da a dawo ana fasa rufi ana ƙarin waya bayan wata biyu. Kuma in bangon baƙi ne da hayaƙi, ko bulo ne tsirara, sha takwas ɗin ma za su yi kaɗan. Farin fenti a bango da rufi yana mayar da mafi yawan hasken da ya faɗa masa, shi ya sa bokitin fenti kan yi aikin ƙwai da dama, ga shi ba ya cin wuta.

Inda za a rataye su

Yawan ƙwai ba ya hana inuwa in jerin bai yi kyau ba. Ga ƙa'ida mai sauƙi. Ku auna daga gidan ƙwai zuwa saman teburin aiki, ba zuwa ƙasa ba. A ce rufin mita 3.5 ne, tebur kuma kamar mita 0.8, abin da ya rage kusan mita 2.7 ne. Tazarar da ke tsakanin gida da gida kada ta wuce wannan tsayi sau ɗaya da rabi, wato kamar mita 4. A garejinmu layi uku za a yi, kowane layi gidaje uku, mita 4 tsakaninsu ta tsawo, kusan mita 2.7 ta faɗi. Daga bango zuwa gidan farko a bar rabin tazarar kawai, in ba haka ba kusurwoyi za su yi duhu.

Sai dai gareji ba fili ba ne, mota tana shiga ciki. Fitilar da ke daidai saman mota rufin motar kawai take haskawa, kuma da an ɗaga murfin inji ya tare ta. Ku zana inda motoci za su tsaya a takarda, ku gusa layukan su faɗo a kan hanyar da ke gefensu, ɗaya kuma ta wajen gaba inda bakanike yake sunkuyawa. Haka teburin jikin bango: in fitila tana bayan mai aiki, inuwar kansa ce za ta rufe masa hannu. A ba tebur nasa ƙwan, a sauko da shi ƙasa-ƙasa, da makunninsa daban. Ƙarƙashin mota kuwa babu fitilar rufin da za ta kai, sai ta hannu.

Cok, launi da haɗari

Kowane ƙwan fulorasan yana da cok, wato abin da yake daidaita masa wuta. Tsohon cok mai nauyi, wanda yake tafiya da sitata, wato ɗan abin da ke tayar da ƙwan in an kunna, yana sa hasken ƙiftawa sau 100 ko 120 a daƙiƙa. Ido ba ya kama wannan sosai, amma yana iya sa zarton inji ko dutsen wasa ƙarfe da ke juyawa ya zama kamar a tsaye yake. Mutum ya kai hannu, sai tsautsayi. Duk inda akwai inji mai juyawa, a nemi cok na zamani mara sitata. Ba ya wannan ƙiftawar, ba ya ƙugi, kuma ya fi tsimin wuta. Ƙwai 18 masu wat 36 suna cin wat 648, da tsohon cok kuma abin zai kusanci 800. Wannan adadi za ku gaya wa mai haɗa wuta don ya zaɓi kaurin waya da fis, aikin da nasa ne, ba na koyo a kai ba.

A jikin ƙwai za ku ga lamba kamar 840 ko 865. Ta farko fari ce mai sanyin ido, ta biyu ta fi kama da hasken rana tsaka. Duk wadda kuka zaɓa, kada a gauraya su a ɗaki ɗaya. A cikin gilashin akwai ɗan sinadarin makuri, wato zaiba, mai guba. In ƙwai ya fashe, a buɗe ƙofofi, a fita na ɗan lokaci, sannan a kwashe da kwali, ba da hannu ba. Saboda wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T8 da T5, wato samfurin da ya fi shi siranta, kasuwarta tun 2023, kuma dogayen LED suna maye gurbinsu. Wanda ya zaɓi LED lissafinsa bai sauya ba, lumen ɗin da ke kwali kawai zai sa a madadin 3,350.

Aikin yi

Wani kafinta yana da shago mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, yana son lukus 500. Ku lissafa ƙwai nawa masu wat 36 zai saya. Ku gwada amsarku da ta garejin da muka yi a sama, ku faɗi dalilin abin da kuka gani. Sannan kowa ya auno wurin aikinsa, tsawo da faɗi da tsayin rufi, ya zo da zanensa a darasi na gaba.