Yadda nake saita haɗe fayiloli a Cassandra idan bayanan ba sa canzawa

Cassandra, manhajar rumbun ajiye bayanai, ba ta taɓa fayil ɗin da ta riga ta rubuta a faifai. Sabon rubutu yana taruwa a ƙwaƙwalwa, a sauke shi cikin sabon SSTable (fayil ɗin bayanai a faifai), daga baya a riƙa haɗe ƙananan fayiloli su zama manya, ana zubar da tsoffin kwafi da abin da aka goge. To idan abin da kake ajiyewa karatun na'urar auna zafi ne, ko rajistar abin da ya faru a sabar, wanda ake rubutawa sau ɗaya a bar shi, babu tsohon kwafin da za a zubar. Maimaita haɗewar wahalar da faifai ce kawai. Shi ya sa ba na ɗora LeveledCompactionStrategy, ɗaya daga cikin dabarun haɗe fayiloli na Cassandra, a kan irin wannan tebur. An yi ta ne don bayanan da ake yawan gyarawa, kuma tana sake rubuta layi ɗaya sau da yawa.

Ni TimeWindowCompactionStrategy nake zaɓa. Ka fara yanke tsawon ran bayanan, ka sa shi a default_time_to_live. Sannan ka raba shi gida 20 zuwa 30: idan kwana 90 ne, kowane zango ya zama kwana 3. Da zango ya rufe, fayilolinsa su dunƙule su zama ɗaya, ba a ƙara komawa kansu. Idan wa'adin duk layukan ciki ya cika, kuma gc_grace_seconds (lokacin jira kafin a share abin da ya mutu) ya wuce, sai a jefar da fayil ɗin ɗungurungum. Asalin saitin gc_grace_seconds sakan 864000 ne, wato kwana 10, don haka ka lissafa su cikin filin faifanka.

Abin da ya fi damuna shi ne cakuɗa tsoho da sabo. Kada ka loda bayanan bara ta hanyar da na yau suke shigowa, kada ka yi DELETE da hannu, kada wasu layuka su shiga ba wa'adi. Layi ɗaya tak da bai mutu ba yana iya riƙe fayil gaba ɗaya, har ya hana jefar da wasu. In ka ga faifai yana cika ba dalili, umarnin sstableexpiredblockers zai nuna maka fayil ɗin da ya tare hanya. Kuma don Allah ka rabu da nodetool compact (umarnin tilasta haɗewa da hannu) a nan, yana iya narka zangunan cikin ƙaton fayil guda.

Idan bayanan na har abada ne, ba wa'adi, SizeTieredCompactionStrategy ta wadatar, amma ka bar kusan rabin faifan kowace na'ura a fili, domin haɗe manyan fayiloli yana buƙatar wurin rubuta sabon kafin a share tsoffin.