Darasi na 7: Mai Gyaran Furotin a Jikinmu

Iskar oksijin da muke shaƙa ita ke ƙona abinci a jiki ya zama ƙarfi. Amma a wajen ƙonuwar nan wasu ɓurɓushinta kan kuɓuce, su afka wa furotin, wato abin da aka gina tsoka da fata da gashi da shi. Kamar yadda ƙarfe ke yin tsatsa, haka furotin ke lalacewa idan oksijin ta manne masa inda bai dace ba.

Ƙananan sinadarai iri 20 ake jerawa a samu furotin. Ɗaya daga cikinsu, metiyonin, yana ɗauke da farar wuta, kuma yana cikin wuraren da oksijin ta fi saurin kamawa. Da ta kama, sai furotin ya sauya siffa, wani lokaci ya daina aiki.

Abin sha'awa, jiki ba ya zubar da shi nan take. Akwai wani sinadari mai gyara, masana na taƙaita sunansa da Msr. Nathan Brot da Herbert Weissbach da abokan aikinsu ne suka bayyana aikinsa a 1981. Shi ke ɓamɓare oksijin ɗin, furotin ya koma bakin aiki. Oksijin kan manne ta fuska biyu, don haka masu gyaran ma gida biyu ne: MsrA da MsrB, kowa da fuskar da ya iya. Mutum da sauran dabbobi masu shayarwa suna da MsrA guda ɗaya da MsrB guda 3, wato MsrB1, MsrB2 da MsrB3. Yaran da aka haifa da tawayar MsrB3 kurame ne tun haihuwa.

MsrB1 yana buƙatar ma'adinin seleniyam, wanda ake samu a kifi, ƙwai da nama. Kaɗan ya wadatar. Kada ku sha ƙwayarsa ba da izinin likita ba, domin yawansa na zubar da gashi, ya karya farce.

Mai shan taba kuwa, ya saurara da kyau. Hayaƙin sigari yana lalata metiyonin na wani furotin da ke kare huhu. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin masu gyara, huhu ya raunana, numfashi ya yi wuya.

Aiki
1. Rubuta sunan ma'adinin da MsrB1 ke buƙata.
2. Bayyana wa na kusa da kai, da bakinka, abin da hayaƙin sigari ke yi wa huhu.